Yadda Ake Canza Makunnin Fitila da Ya Lalace a Gida

Makunni yakan daɗe yana ba da alama kafin ya mutu. Ka danna shi, fitila ta yi jinkiri kafin ta kama. Wata rana sai ka riƙe shi a tsakiya sannan haske ya tsaya. Wani lokaci ka ji ƙaramin sauti daga cikin bango kamar an jefa albasa a mai, ko ka taɓa murfin ka ji ɗumi, ko hancinka ya tsinci ƙaurin roba. Mutanen gida sukan saba da wannan, har kowa ya koyi dabarar da ake danna shi. Ni dai ina roƙon kada a saba. Makunnin da ke ɗumi ko ƙauri wuta ce ke cin sa a hankali, kuma yawanci labule ko kwabar kaya na kusa da shi.

Abin da ke ciki ba shi da yawa. Ƙarafa biyu ne ƙanana, idan ka danna su haɗu wuta ta wuce, idan ka mayar su rabu. Duk haɗuwa da rabuwa akwai ɗan tartsatsi, shi ne bayan shekaru yake cinye bakin ƙarfen ya yi baƙi. Sau da yawa kuma ƙarafan lafiyarsu ƙalau, sukurun da ke riƙe waya ne ya saki. Wayar da ba ta ɗauru sosai ba tana yin zafi, zafin ya narkar da roba, robar ta ƙara sakin wayar. Ƙurar hunturu da danshin damina suna ƙara nasu. Na taɓa buɗe makunnin barandar gidanmu na tarar zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a bayansa, daidai tsakanin wayoyin biyu.

Kafin ka kashe ko sisi, tabbatar makunnin ne. Cire ƙwan fitilar ka gwada shi a wani ɗaki. Duba ko sauran fitilun gidan suna ci, domin idan ɓangare guda ne ya mutu gaba ɗaya, matsalar tana allon rarraba wuta. Idan ƙwai lafiya, sauran ɗakuna lafiya, kuma makunnin ya saki ko ya ƙi yin ƙarar nan ta "ƙas" idan an danna shi, to shi ne.

Abin da za ka saya

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki hoton gaban makunnin, ko ka cire shi tukuna ka tafi da shi shago. Mai shago zai tambaye ka, "Malam, mai madanni nawa?" Akwai mai ɗaya, mai biyu, mai uku, har mai huɗu. Tambaya ta biyu da ba kowane mai shago ke yi ba, kai ya kamata ka san amsarta: fitilar nan daga wuri ɗaya ake kunna ta, ko daga wuri biyu? Fitilar matakalar bene da ta dogon zaure sau da yawa suna da makunni a kowane ƙarshe. Irin wannan yana da ramin waya uku a bayansa, na wuri ɗaya kuma biyu ne. Mai rami uku yana iya yin aikin mai rami biyu, amma mai biyu ba zai yi aikin mai uku ba. Idan kana shakka, sayi mai ukun.

Juya shi ka karanta bayansa. Na fitila yawanci an rubuta masa 10A da 250V, kuma wannan ya ishi wutar gida, wadda a Najeriya take 230V, a Nijar 220V. Kada ka ɗauki makunnin fitila ka sa wa na'urar dumama ruwa ko ta sanyaya ɗaki. Waɗannan nasu daban ne, mai 20A ko sama da haka, wanda ke yanke waya biyu a lokaci ɗaya. Duba girma ma. A Najeriya tsarin Ingila ake bi, murfi mai kusurwa huɗu kimanin milimita 86 kowane gefe, da sukuru biyu, dama da hagu. A gidajen da aka yi wa wayarin irin na Faransa, kamar yadda ake gani da yawa a Nijar, akwatin cikin bango zagayayye ne, wani makunnin ma da farata yake kama bango maimakon sukuru.

Shawarata kada ka nemi mafi araha. Riƙe biyu a hannu ka gwada. Mai kyau yana da ɗan nauyi, madanninsa yana faɗawa da ƙarfi, sukurorin bayansa na jan ƙarfe ne masu kauri. Mai arahar nan da sukurunsa ke zamewa tun a shago, shi ne zai dawo da kai kasuwa kafin shekara ta zagayo.

Kayan aiki kaɗan ne: testa (sukundireba mai ƙaramar fitila a ciki da ke nuna ko waya na ɗauke da wuta), sukundireba mai faɗin baki da mai bakin tauraro, duka masu mariƙin roba da bai fashe ba, filaya, baƙin salatif na wuta, tocila, da wayarka don ɗaukar hoto. Sa takalmin roba busasshe. Hannu a bushe, ƙasa a bushe. Cire zobe da agogon ƙarfe.

Kashe wuta, da hannunka

Nan ne zan fi daɗewa, domin duk sauran aikin minti goma sha biyar ne, nan kuwa maganar rai ce.

Mutane da yawa suna jira a ɗauke wuta sannan su ce yanzu ne lokacin gyara. Wannan shi ne lokaci mafi hatsari. Ba kai ka kashe ta ba, ba ka san minti nawa za ta yi ba, kuma wanda zai maido ta bai san hannunka yana cikin bango ba. Wani maƙwabcina ya yi haka a gabana. Ya kwance makunnin falonsa da rana tsaka, wayoyi biyu suna lilo, yana riƙe da ɗaya yana fere bakinta. Sai muka ji yara a waje sun ɗauki ihu an kawo wuta. A daidai wannan lokacin filayar ta yi tsalle daga hannunsa, shi kuma ya faɗa kan kujera yana salati. Allah ya kiyaye, ya tsira da ƙuna a yatsa biyu da hannu da ya kwana yana masa tsami. Tun daga ranar nake gaya wa kowa: yi wannan aikin lokacin da akwai wuta, ka je ka kashe ta da kanka. Ta haka ne kawai za ka ga testarka tana aiki, kuma ka ga wutar ta mutu a idonka.

Fara da gwada testa. Sa bakinta a soket ɗin da ka san yana ci, ɗora yatsa a ƙarfen da ke bayanta, ka ga ƙaramar fitilar ciki ta kama. Haskenta ba shi da ƙarfi, a wuri mai rana sai ka kare shi da tafin hannu kafin ka gani. Testar da ba ta kama a soket mai rai ba, ajiye ta ka nemo wata, domin za ta ce maka babu wuta a inda akwai.

Sai ka tafi allon rarraba wuta. Layin fitilu yawanci yana kan ƙaramar bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta yi yawa, mai 6A ko 10A, amma a gidaje da yawa ba a rubuta komai a kansu ba, kuma tunda fitilar da kake gyara ba ta ci, ba za ka ga ta mutu ba balle ka gane birekarta. Saboda haka sauke babbar gaba ɗaya, gida duka ya yi duhu. Firij ba zai lalace a rabin awa ba. Idan tsohon gida ne mai fis, kashe babban makunni, zare fis ɗin ka sa a aljihunka. Mita da duk abin da kamfanin wuta ya ɗaure da hatimi ba naka ba ne, kada ka taɓa.

Ba ka gama ba. Idan gidan yana da janareta, mayar da canjin layi tsakiya, inda ba ya kan wutar gari ba ya kan inji. Idan akwai inbata ko sola, kula sosai: aikin inbata shi ne ta karɓi gida da zarar wutar gari ta ɗauke, kuma fitilu ne abu na farko da ake ɗora mata. Kana sauke babbar bireka, ita kuma ta tashi ta ci gaba da tura wuta cikin wayar da za ka kama. Kashe ta, ka kuma sauke birekar da ke fitar da wutarta zuwa gida. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, wani ɗakin daga layin maƙwabci aka jawo masa wuta tun shekarun baya, ba wanda ya tuna. Shi ya sa gwajin da ke tafe ba a tsallake shi.

Sannan ka sanar da mutanen gida. Ka faɗa da baki, "Hajiya, na kashe wuta ina gyara, kada kowa ya taɓa allon nan sai na ce." Manna salatif a kan birekar. Yaro mai son kallo ko uwargida da ke son kunna fanka ba su da laifi idan ba a gaya musu ba.

Buɗewa da karanta wayoyi

Kwance sukurorin murfi biyu ka ajiye su a wuri ɗaya. Kada ka yar da su ko da sabon makunnin ya zo da nasa, domin wani akwatin ya nutse cikin filasta, tsofaffin dogayen ne kawai za su kai. Idan fenti ya manne murfin da bango, bi gefensa da reza a hankali. Jawo makunnin ta gefuna, kada yatsa ya shiga baya.

Yanzu sa testa a kan kowane sukuru da ke riƙe da waya, ɗaya bayan ɗaya, da kowane bakin waya da ka gani, da akwatin kansa idan na ƙarfe ne. Danna makunnin ka sake gwadawa. Ko sau ɗaya ta kama, dakata, akwai wata hanya da wuta ke shigowa. Gani ya kori ji. Wanda ke da mitar awon wuta, ita ta fi testa aminci, ya yi amfani da ita.

Kafin ka kwance ko waya ɗaya, ɗauki hoto. Ɗauki biyu ko uku ta kusurwa daban-daban, yadda rubutun da ke jikin ramukan zai fito. Wannan hoton shi ne taswirarka.

Ga abin da za ka gani. A tsohon tsarin Ingila, wanda har yanzu shi ya fi yawa a gidajenmu, ja ita ce waya mai wuta, baƙa ita ce ta komawa da masu gyara ke kira nutural, kore kuma ta ƙasa ce, wato ta kariya da ke kai wutar da ta kuɓuce zuwa ƙasa. A sabon tsari, mai wuta ruwan ƙasa ce, nutural shuɗiya, ta ƙasa kore da rawaya. Amma a bayan makunni kada ka dogara da launi. Makunnin fitila waya mai wuta kaɗai yake yankewa: ɗaya tana kawo wuta daga allo, ɗaya tana kai ta ga fitila. Dukansu masu wuta ne, ko da mai wayarin ya yi amfani da baƙa a ɗaya saboda ita ta rage masa a ranar. Abin da za ka bi shi ne ramin da kowace waya take ciki.

A makunnin wuri ɗaya, ramin da aka rubuta wa COM, ko C, ko L kaɗai, nan wayar da ke kawo wuta take shiga. L1 shi ne mai tafiya fitila. L2 na makunnin wuri biyu ne. A irin na Faransa za ka ga L, sannan 1 da 2. Idan makunnin mai madanni biyu ko uku ne, sau da yawa akwai 'yar gajeriyar waya da ta haɗa COM da COM, tana raba musu wuta ɗaya. Ita ma za ka mayar da ita yadda take. Naɗa wa wayar COM ɗan salatif don ka gane ta, sauran kuma ka yi musu alama da biro a kan takarda ko salatif, musamman idan duk launinsu ɗaya.

Wani lokaci za ka tarar da baƙaƙen wayoyi ko shuɗɗa an haɗe su wuri guda a can cikin akwati, ba su taɓa makunnin ba. Nutural ne ke wucewa. Bar su yadda suke. Idan ka cusa ɗaya daga cikinsu a L1, kana danna makunni za ka haɗa wuta da nutural kai tsaye, sai ƙara da tartsatsi da faɗuwar bireka.

Cire tsoho, ɗaura sabo

Sassauta sukurorin baya ka zare wayoyin. Dubi bakin kowace. Idan jan ƙarfen yana sheƙi, shi ke nan. Idan ya yi baƙi, ko robar da ke kansa ta taurare tana farfashewa, yanke wurin da ya ƙone har ka kai inda roba take da laushi, ka fere sabon baki kimanin santimita 1. Fere a hankali. Idan reza ko filaya ta ciji ƙarfen, nan zai karye ranar da ka tura makunnin cikin bango, kuma wayar fitila siririya ce. Kada ka yi ta yanka ba lissafi, wayar cikin bango ba ta ƙaruwa. Idan ta gajarce har ba ta kai, a nemo mahaɗin waya mai sukuru a ƙara ta da shi. Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da salatif shi ne irin aikin da ke ƙona gida bayan shekara biyu.

Share akwatin da busasshen burushi, ka fitar da ƙura da gidan ƙwari. Idan ka ga tsatsa ko jiƙa, ruwa yana shiga bangon, kuma sabon makunnin ma zai bi sahun tsohon matuƙar ba a toshe inda yake shigowa ba.

Dubi sabon ka nemo samansa, yawanci akwai kibiya ko rubutu. Kada ka bi mazaunin ramuka, domin kamfani da kamfani suna bambanta, COM na tsohon yana sama, na sabon yana iya zama ƙasa. Bi rubutun. Wayar da ka yi wa alama ta shiga COM, ta fitila ta shiga L1, idan akwai ta uku ta shiga L2. Wayar mai silli da yawa, murɗa sillayen su haɗu kafin ka cusa, kada ko ɗaya ya leƙo waje. Mai silli ɗaya, idan ramin ya yi mata faɗi, lanƙwasa bakin gida biyu don sukuru ya sami abin kamawa. Sukurun ya danne ƙarfe, ba roba ba, kuma kada a ga tsirarar ƙarfe a wajen rami.

Ɗaure sosai, sannan ka ja kowace waya da ɗan ƙarfi. Wadda ta motsa, sake ɗaure ta. Ina yin wannan gwajin sau biyu, domin sakakkiyar waya ita ce ta kashe tsohon makunnin a mafi yawan gidajen da na buɗe.

Wayar ƙasa tana da nata sukuru a jikin akwatin ƙarfe. Idan sabon makunnin mai murfin ƙarfe ne, irin masu ƙyalli da ake yayi, dole a haɗa murfin da wayar ƙasa. Gidan da ba a ja masa wayar ƙasa zuwa makunni ba, a sa masa na roba kawai.

Lanƙwasa wayoyin su kwanta cikin akwati, ka tura makunnin a hankali. Kula kada waya ta tsaya a hanyar sukuru, domin sukurun murfi yana iya huda roba ya taɓa ƙarfe. Ɗaura dama kaɗan, hagu kaɗan, kana daidaita shi har ya zauna. Da ya kama bango ka tsaya, ƙarin murɗi ɗaya yana fasa murfi.

Gwaji, da abin da zai iya biyo baya

Bar makunnin a kashe, ka je ka ɗaga bireka, ka dawo ka danna. Idan fitila ta kama, ka danna sau biyar ko shida kana sauraro. Taɓa sukurorin murfi da testa, bai kamata ta kama ba. Idan na wuri biyu ne, gwada daga kowane ɓangare, kowanne ya iya kunnawa ya iya kashewa ko yaya ɗayan yake. Bar fitilar tana ci kamar rabin awa, ka ɗora bayan hannu a murfin. Sanyi ya kamata ka ji.

Idan yana kunnawa a juye, wato sama ne kunnawa maimakon ƙasa kamar yadda muka saba, ko dai ka kifa shi ko ka sa wayar fitila a L2. Idan na bene yana aiki ta gefe ɗaya kawai, wayar COM ta shiga ramin da ba nata ba, koma ga hotonka. Kowanne daga cikin waɗannan, sai ka sake kashe wuta da inbata ka sake gwadawa da testa kamar farko, kafin ka kwance sukuru.

Akwai inda ya kamata ka ajiye sukundireba ka kira mai gyaran wuta da ya san aikinsa. Idan bireka ta faɗi da ka ɗaga ta, kada ka yi ta maimaitawa. Idan ƙunar waya ta wuce cikin bututu inda ba ka ganin ƙarshenta, wayar ce za a sake ja. Idan ka buɗe ka tarar da wayoyi sun fi abin da ka fahimta, mayar da murfi. Haka kuma idan makunni yana kashe amma ƙwan yana ɗan haske da dare, ko wani ya taɓa cewa wuta ta ja shi yana canza ƙwai alhali an kashe. Wannan na iya nufin tun farko an ɗora makunnin a kan nutural maimakon waya mai wuta. Fitila za ta kunna ta kashe kamar babu komai, amma mazaunin ƙwan yana ɗauke da wuta dare da rana. Canza makunni ba ya gyara wannan, sai an bi layin daga sama.

Kuma kowa a gida ya san wannan, har yara masu wayo: wanda wuta ta riƙe ba a kama shi da hannu. A ruga a sauke bireka, in ta yi nisa a ture shi da busasshen itace, kamar taɓarya ko sandar tsintsiya. A kai shi asibiti ko da ya ce ya warware, domin wuta tana iya taɓa bugun zuciya ba a gani a jiki ba. Idan makunni ya kama da wuta, a kashe layi tukuna, a zuba yashi, kada a watsa ruwa.

Kafin ka rufe allon rarrabawa, tunda ga ka a wurin kuma akwai wuta, sauke ƙananan birekun ɗaya bayan ɗaya, wani ya tsaya a ciki yana gaya maka abin da ya mutu. Rubuta a ƙarƙashin kowace: fitilun falo, soket na kicin, famfon rijiya. Tsohon makunnin kuma fasa shi kafin ka jefa a shara, don kada wani ya tsince shi ya kai ɗakinsa ya ɗaura.